Tiya Biyu a Kasuwa Ɗaya: Launin Fata da Diyyar Hankali

Duk wanda ya taɓa cin kasuwa a Guci, ko Dungas, ko Magariya bayan an yi kaka, ya san cewa mai sayen hatsi ya fi zuba wa tiya ido a kan gero. Gero dai kowa yana ganinsa, a damƙa a murza a san kyansa. Tiya ce ake tsoro, domin takan zo da lotsattsen gindi, ko a rage mata baki, ko kuwa mai awo ya ajiye guda biyu, babba ta saye da ƙarama ta sayarwa. Wannan laifi tsoho ne, har akwai sura guda a Alƙur'ani da aka raɗa wa sunan masu yin sa. Sai dai mai tiya biyu ya san ha'inci yake yi, shi ya sa yake ɓoye ɗayar ƙarƙashin buhu. Akwai awon da ya fi nasa wuyar sha'ani, wato inda mai awo zai fito da tiyoyin nan biyu a fili, ya dubi fuskar mai saye sannan ya zaɓi wadda zai auna masa da ita, ya kuma kawo malamai su shaida cewa hakan shi ne adalci. Irin wannan ya faru a Amurka cikin shekarun nan, kuma abin da aka auna da shi hankalin mutane ne.

Ƙwallon da ake magana a kansa ya bambanta da wanda samari suke bugawa a filin makaranta da yamma. Amurkawa suna da nasu wasan da suke kira ƙwallon ƙafa, amma galibinsa da hannu ake yi, ana rungume ƙwallo a ruga, ƙarti masu hular kwano su tare mutum da ƙirji da ka su maka shi da ƙasa. Babbar hukumar wasan, NFL, tana da ƙungiyoyi 32, kuma mafi yawan ƴan wasanta baƙaƙen fata ne. Ɗan wasa yakan sha karo sau dubbai kafin ya yi ritaya. Wani karon yakan girgiza ƙwaƙwalwa har mutum ya suma ko ya ga jiri, wani kuma ba ya nuna alama nan take, sai shekaru sun tura.

Tun 1928 wani likita mai suna Harrison Martland ya bayyana yadda ƴan damben zamani suke komawa kamar mashaya a tafiya da magana saboda yawan naushi a ka. Amma wanda ya tona abin a ƙwallon Amurka ɗan Najeriya ne, Bennet Omalu, mutumin jihar Anambra, likitan binciken gawa a birnin Pittsburgh. A 2002 aka kawo masa gawar Mike Webster, tsohon gwanin wasa da ya rasu yana da shekara 50 bayan ya daɗe cikin ruɗewa da gantali. Da ya duba ƙwaƙwalwar da madubin likita sai ya iske ta lalace irin lalacewar da ba a zata ga mai waɗannan shekaru ba. Ya buga bincikensa a 2005, cutar kuma aka san ta da haruffan CTE. Likitocin hukumar suka nemi a janye rubutun, ba a janye ba. Sai a 2016 wani babban jami'in NFL ya amsa a gaban ƴan majalisar dokoki cewa akwai alaƙa tsakanin wasan da cutar.

Kafin nan dubban tsofaffin ƴan wasa sun riga sun kai ƙara, suna cewa hukumar ta san haɗarin ta ɓoye. Aka yi sulhu a 2013 a kan dalar Amurka miliyan 765 (dalar nan ba ta kasuwar Dungas ba ce), daga baya aka cire iyakar kuɗin, alƙaliya Anita Brody ta birnin Philadelphia ta amince a 2015, aka fara biya a 2017. Yarjejeniyar za ta yi shekara 65 tana aiki, kuma kowace cuta da kuɗinta: mafi tsanani tana kai miliyan 5, cutar mantuwa kuwa ana biyan ta gwargwadon nisan da ta yi da shekarun mai ita.

A nan ne tambayar falsafa take shigowa, kuma tambaya ce da kowane alƙalin ƙauye ya sani. Diyya ana biyan ta ne a kan abin da aka rasa. Idan shanu suka shiga gona, dattawa sukan tambayi dami nawa gonar take bayarwa a da, su dubi abin da ya rage, bambancin shi ne ɓarna. To yaya za a yi da hankali? Likita yana iya auna abin da ya rage: ya karanta wa mutum kalmomi ya ce ya maimaita bayan ɗan lokaci, ya sa shi haɗa lambobi da haruffa a jere, ya duba saurinsa. Abin da ba ya gani shi ne yadda mutumin yake shekara 30 da suka wuce, domin ba wanda ya auna shi a lokacin. Dole ya yi kirdado. Sai ya ɗauko jadawalin da ke nuna makin da lafiyayyun mutane "irinsa" suke samu, ya ce daga nan ya faro. Maganar duka ta rataya a kan kalmar nan guda: su wane ne irinsa?

Jadawalin da aka fi amfani da shi na wani masani ne mai suna Robert Heaton na jami'ar Kalifoniya a San Diego. Yana raba mutane bisa shekaru, da yawan karatu, da kasancewa namiji ko mace, kuma a bugun 2004 an raba farare da baƙaƙe, matsakaicin makin baƙaƙe yana ƙasa. A ƙaddara mutum biyu sun yi wasa a ƙungiya ɗaya, sun sha karo iri ɗaya, yau kowannensu kalma huɗu yake iya tunawa cikin goma. Jadawali ya ce farin daga takwas ya faro, saboda haka ya yi asarar rabi, a biya shi. Ya ce baƙin daga shida ya faro, biyu kawai ya rasa, bai kai ga diyya ba. Lambobin nan misali ne kawai, amma haka lissafin yake tafiya. Ba a ce baƙin ƙarya yake yi ba. An ce masa ne tun asali ba shi da abin da zai rasa da yawa.

A watan Agusta na 2020 tsofaffin ƴan wasa biyu, Kevin Henry da Najeh Davenport, suka kai ƙara a kan wannan. Henry ya yi shekara 8 a ƙungiyar Pittsburgh. Likitan farko ya same shi da rauni mai kai wa ga diyya, aka ƙi biya, aka sake auna shi da jadawalin launin fata, sai aka ce bai cancanta ba. Davenport kuwa likitansa bai yi amfani da launin fata ba, ya ce ya cancanta, hukumar ta ɗaukaka ƙara tana neman a sake lissafin da jadawalin baƙaƙe. Wannan na biyun yana da muhimmanci, domin hukumar ta riƙa cewa ba ta taɓa tilasta wa likita amfani da launin fata ba, zaɓinsa ne.

Adalci ne a saurari masu kare jadawalin, domin hujjarsu ba ta banza ba ce. Ba don a cuci baƙar fata aka ƙirƙiro shi ba. Likitoci sun lura cewa idan aka auna lafiyayyen baƙar fata da ma'aunin da aka ɗauko daga farare kawai, sau da yawa sai a ce yana da taɓin ƙwaƙwalwa alhali lafiyarsa ƙalau. Wanda aka yi wa irin wannan kuskure yana iya rasa aiki, ko a hana shi sarrafa dukiyarsa, ko a ɗora shi a kan maganin da ba ya buƙata. Jadawalin kariya ce daga wannan. Masu hujjar suna ƙarawa da cewa bambancin makin gaskiya ne, an auna an gani, kuma wanda ya rufe ido daga abin da aka auna ba ilimi yake yi ba.

Amsar farko ita ce wuƙar da ta fere doya a madafa ita ce take yanka a hannun wani. A asibiti, kuskuren da ake gudu shi ne a kira lafiyayye majinyaci. A wurin diyya kuwa kuskuren da ya fi muni shi ne a kira majinyaci lafiyayye, a sallame shi ya koma gida matarsa ta ci gaba da yi masa jagora zuwa banɗaki. Kowane ma'auni yana kuskure, abin tambaya shi ne wa kuskuren zai faɗa wa. Idan aka biya wanda bai cancanta ba, hukuma mai samun biliyoyi a shekara ta yi asarar abin da ba za ta ji ba. Idan aka hana wanda ya cancanta, gida guda ya rushe. Wanda ya ɗauko kayan aikin da aka ƙera don kauce wa kuskure na farko ya kai shi inda na biyun ne abin tsoro, kuma shi ne mai cin ribar kuskuren, ba zai fake da cewa haka likitoci suke yi ba.

Amma ko da an ajiye maganar kuɗi, akwai abin da ya fi zurfi. Bambancin makin nan daga ina ya fito? Fata ba ta tuna kalmomi. Jennifer Manly ta jami'ar Kolombiya da abokan aikinta sun nuna a 2002 cewa idan aka auna tsofaffi baƙaƙe da farare na birnin New York, sannan aka yi la'akari da ƙarfin karatun kowannensu maimakon ƙidaya shekarun da ya yi a aji, yawancin bambancin yakan ragu ƙwarai. Dalili a fili yake: har 1954 doka ta yarda a raba makarantu a kudancin Amurka, na baƙaƙe ba littattafai, ba isassun malamai, watannin karatunsu ma sun fi gajarta. Ashe abin da jadawali yake kira "launi" tabon tsohon zalunci ne. To sai ga shi an ɗauko tabon an mai da shi hujjar rage diyya. An hana uba makaranta mai kyau, an zo wurin ɗa an ce tunda irinku ba ku da maki, raunin kanka bai kai a biya ba. Bashi ɗaya aka karɓa sau biyu, kuma daga hannun wanda ya kamata a biya.

Sannan matsakaici ba mutum ba ne. Idan aka ce gonakin wata gunduma sukan ba da dami talatin, wannan bai gaya wa kowa abin da gonar Malam wane ta bayar ba, kuma dattijon da ya yanke ɓarna da wannan lissafi alhali maƙwabta suna tsaye sun san gonar, ya yi ragwanci. Ƴan wasan nan kusan dukansu sun bi ta jami'o'i, baƙi da fari suna ɗaki ɗaya suna haddace dabarun wasa masu cika littafi. An san makarantun da suka yi, akwai takardunsu, akwai matansu da abokan aikinsu. Aka tsallake duk wannan aka tambayi abu guda da ake gani daga nesa.

Shi kansa rukunin "baƙi" ba shi da gindin tsayawa. Tun 1992 masu bincike na Ibadan da na Indianapolis suka yi ta bin tsofaffin Yarabawa da tsofaffin baƙaƙen Amurka da ma'auni ɗaya, sakamakon da suka buga a 2001 ya nuna cewa cutar mantuwa ta fi kama na Amurka fiye da ninki biyu. Fata ɗaya, rayuwa daban, sakamako daban. Da Omalu kansa zai zauna gaban jadawalin, da layin baƙaƙe za a sa shi, a yi masa kirdadon hankali da makin mutanen San Diego da bai haɗa komai da su ba sai launi.

Mutanen ƙasar Damagaram ba sa buƙatar a je Amurka kafin su gane wannan lissafi, domin mazan jiya sun sha shi. Dokar kuɗi ta Faransa ta 26 ga Disamba 1959 ta daskarar da fanshon sojojin da suka fito daga ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka, ya tsaya cak a inda yake lokacin samun ƴancin kai, na Faransawa kuwa yana ta hawa. Shekaru suka wuce har ya zama tsohon soja a Zinder ko Dakar yana karɓar ɗan guntun abin da abokin raminsa na Marseille yake karɓa, ko da rauninsu iri ɗaya ne. Ita ma wannan doka tana da hujja mai kama da hankali: rayuwa ta fi sauƙi a Afirka, kuɗi kaɗan ya isa. A 1989 kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba Ibrahima Gueye da tsofaffin sojojin Senegal 742 gaskiya, ya ce wariya ce, ko da yake ya danganta ta da takardar ƙasa, bai ce launin fata ba. A 30 ga Nuwamba 2001 babbar kotun mulki ta Faransa ta yanke irin wannan hukunci a shari'ar Amadou Diop, wanda ya riga ya rasu kafin ranar. Aka yi ta jan ƙafa, aka gyara wani ɓangare a 2007 bayan fim ɗin Indigènes ya tayar da ƙura, sai a 2011 aka daidaita sauran, bayan hukuncin kotun tsarin mulki na 2010. Shekara hamsin ke nan da ɗoriya. Mafi yawan masu haƙƙin suna kushewa.

Kamancen shari'o'in biyu shi ne ba wanda ya fito ya ce ran wane ya fi na wane. A duka biyun an kawo wata gaskiya game da jama'a, arhar rayuwa a can, ƙarancin maki a nan, aka rataya ta a wuyan mutum guda don a rage abin da ake bin sa. Kuma a duka biyun mai biya ne ya zaɓi gaskiyar da za a duba. Faransa ba ta rage wa Bafaranshen da ya koma zama ƙauye mai arha fansho ba.

Almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure zai tuna cewa fiƙihun Malikiyya ya daɗe da sa wa raunin kai farashi. Wanda ya bayyana ƙashi raƙuma 5 ne, wanda ya gusar da ƙashi 15, wanda ya kai ga ƙwaƙwalwa sulusin diyya, gushewar hankali kuwa diyya ce cikakkiya, raƙuma 100, daidai da rai. Hikimar wannan ita ce ba a tambayar ko mai hankalin malami ne ko makiyayi, ba a cewa wane dama ba shi da kaifi sosai. An gane cewa hankalin kowa shi ne dukan abin da yake da shi, kuma wanda ya rasa nasa ya rasa duka. Gaskiya ta sa a faɗa cewa littafin yana da nasa rabe-raben, tsakanin namiji da mace, da musulmi da wanda ba musulmi ba, bawa kuma ƙimarsa ake biya. Ba a kawo shi nan don a ce wata al'umma ta tsira daga tiya biyu ba. Ƙasar da har yau ake binciken asalin mutum kafin a ba shi aure, a ce wannan jikan bayi ne, wancan ɗan mahauta ne, ba ta da bakin yi wa Amurka dariya.

A Amurka dai alƙaliya Brody ta kori ƙarar Henry da Davenport a watan Maris na 2021, amma ta tura ɓangarorin sulhu. Iyalan tsofaffin ƴan wasa suka kai takardar koke mai sa hannun mutum wajen 50,000 ƙofar kotu. A watan Yuni hukumar ta yi alkawarin daina amfani da launin fata, aka amince da sabon tsari a watan Maris na 2022. Da aka sake lissafin gwajin baƙaƙe 646, kusan rabinsu suka shiga sahun masu rauni: 61 suka cancanci diyyar kuɗi, kusan 250 suka cancanci ƙarin gwaji da magani. Ba a sake auna su ba, amsoshinsu na da ne, tiya kawai aka canza. A daidai wannan lokaci likitocin ƙoda a Amurka suka cire launin fata daga lissafinsu a 2021, na huhu suka bi a 2023.

Cire launi bai kashe tambayar farko ba, domin har yanzu ba wanda ya ga hankalin mutum na da, kuma tilas a yi kirdado da wani abu. A nan ne lamarin ya dawo gida. Gwajin mantuwa da ya fi yaɗuwa a asibitocin duniya, wanda aka tsara a Amurka a 1975, yana tambayar kwanan wata, yana sa mutum ya riƙa cire 7 daga 100, ya rubuta jimla, ya kwafi zane. A kawo wa manomin Guci wannan da Faransanci, ko da fassarar ɗan rakiya. Watan da ya sani na Musulunci ne, lissafinsa da dala yake yi, inda 100 take zama ashirin, alƙalaminsa na kara ne, daga dama yake farawa. A layin shekarun karatu za a rubuta masa sifiri, ko da ya sauke Alƙur'ani ya haddace, domin takardar ba ta san makarantar allo ba. Idan aka auna shi da ma'aunin Paris za a ce ya ruɗe alhali shi ne mai riƙe da lissafin adashin unguwa. Idan kuma aka ce ai baƙauye ne, ƙarancin maki ɗabi'arsu ce, to ranar da ya faɗo daga babur a hanyar Magariya ya bugu a ka da gaske, za a ce dama haka yake. Gyara ma'auni wajibi ne, amma da abin da ya shafi mutumin kansa: harshensa, irin karatunsa, sana'arsa, da shaidar waɗanda suka san shi kafin abin ya faru.

Wannan shaida ita ce abin da ƙauye yake da shi wanda Philadelphia ta rasa. A kokawa, wadda ake gasar takobinta ta ƙasa tun 1975, kayarwa ake nema, kai yakan bugi ƙasa amma ba shi ake hari ba. Dambe kuwa, daga nan har ƙetaren iyaka zuwa Jigawa da Kano, ka ake nufa da hannun da aka naɗe da zare, kuma faɗuwar abokin karo ita ake kira kisa. Wanda ya suma akan yayyafa masa ruwa, a ɗaga shi, makaɗa su zuga shi, wani lokaci ya sake shiga fage kafin mako ya zagayo. Hukumar dokokin ƙwallon ƙafa ta duniya ta shigar da canjin ɗan wasa saboda bugun kai cikin dokokinta a 2024, fagen dambe na ƙauye bai san da wannan ba. Idan ɗan damben ya kai shekara 50 ya fara ɓata hanyar gidansa, hannunsa na rawa, yana faɗa da iyali ba dalili, akan ce sammu ne, ko asirin da ya sha ne ya juyo masa. Garin duka ya san yadda yake a da, malamin da ya koyar da shi yana raye, tsohon rajistan aji ma wataƙila yana cikin akwati. Abin da babu shi ne hukumar da za a kai ƙara, da asusun da za a biya daga ciki, da likitan da zai zo ya tambaye su.